Dokin jinya ya fara cizo a wurin hawa, ina matsalar take?

Assalamu alaikum, masana dawaki da likitocin dabbobi. Ana neman shawararku kan wani doki da ke aikin jinyar yara masu raunin gaɓoɓi.

A ƙa'ida ya cika sharuɗɗan. Dandaƙaƙƙe ne, ba ingarman hawan sallah ba, shekararsa 14. Tsayinsa hannu 14 da rabi (hannu ɗaya inci huɗu ne a awon doki), don haka masu tafiya a gefensa suna iya riƙe cinyar yaro ba tare da sun yi ɗage ba. Takunsa daidai yake, ba ɗingishi, kuma wannan takun shi ne maganin, domin shi ke juya ƙugun mahayi kamar mai tafiya da ƙafa. Ba ya zabura da keken guragu, ko ƙwallo, ko ihun yaro. Nauyinsa kilo 400, ba a ɗora masa fiye da kilo 80 har da sirdi.

To, sati uku ke nan, da an kai shi dandamalin hawa sai ya kwantar da kunnuwa, ya kaɗa wutsiya, ya kai wa mai riƙe da ragama cizo. Yaro na zama, sai ya lotsa baya. Da an fara tafiya kuma shi ke nan, lafiya lau.

An duba haƙora da kofato, an canza majayi, babu miki a gadon baya. Yana ɗaukar yara huɗu a rana, minti 30 kowanne, kwana biyar a mako.

Ciwon baya ne daga mahayan da ke zama a karkace, ko gyambon ciki, ko gajiya da cunkoson mutane uku (mai riƙe da ragama da masu tafiya a gefensa) a jikinsa? Wanne za a fara gwadawa, kuma hutun kwana nawa zai bambance su?