Abin da Aka Tsayar Kan Sa Wa Mota Agogon Ƙarfin Baƙin Mai

A tattaunawar da aka yi kan sa wa mota agogon da ke nuna ƙarfin bugun baƙin mai a inji, an fi ja-in-ja kan irin agogon da za a saya. Akwai mai siririn tiyo da ke kawo baƙin man kansa har dashbod, akwai na lantarki mai sensa a jikin inji. Yawanci sun zaɓi na lantarki, kuma ina ganin da gaskiyarsu: tiyon roba in ya goga salansa ya narke, mai mai zafi ne zai tsiyayo, wani lokacin a ƙafar direba. Wanda ya nace sai mai tiyo, to ya sa na tagulla.

Kada a cire sensar fitilar mai ta asali. A sa mahaɗi mai baki uku, ko farantin da ake maƙalawa tsakanin filta da inji, don sabuwar sensar ta samu wurin zama. Sai dai an ja kunne: sensa mai nauyi a kan mahaɗin tagulla, girgizar inji na iya karya shi, gara a ja ta gefe da tiyo mai ƙarfi.

Tiredi ma, wato zaren da ake murɗa sensa a kai, akwai tarko. Agogo da yawa tiredinsu 1/8 NPT ne (ma'aunin Amurka), injinan Japan kuwa galibi 1/8 BSPT (ma'aunin Birtaniya). Kamar za su shiga, sai yoyo. A nemi adafta. Farin tef ɗin famfo kuma kada a cika shi, don sensa mai waya ɗaya ta jikin inji wutarta ke zagayawa.

Wuta a ɗauko ta inda sai an murɗa makulli take zuwa, da fis. Allura za ta hau da sanyin safiya, ta sauka in inji ya yi zafi yana silo. Ba matsala ba ce. Kanikawa kan kimanta aƙalla psi 10 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin man) ga kowane juyi 1,000 a minti.