Hawan teku zai iya kawo ruwa har Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ana ta cewa teku na ƙara cika, wai zai cinye garuruwa. Mu nan da damina ke kayar mana da katangu kowace shekara, akwai abin da ya haɗa mu da wancan? Kuma me mai gidan ƙasa zai yi kafin Agusta?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, Katsina ta ɗara teku da wajen mita 500, shi kuwa hawan da ya yi daga 1900 zuwa yau kimanin santimita 20 ne. Masu fargaba su ne Legas da Bayelsa da Ayetoro ta jihar Ondo, inda ya riga ya ci gidaje. Can idan kogunan Kwara da Binuwai suka cika, kamar a 2012 da 2022 da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru, teku na tokare bakin kogi, sai ruwa ya kwanta makonni.

Tamu ambaliyar ta farat ɗaya ce. A sheƙa ruwa awa biyu zuwa uku, busasshen rafi ya taso. Haka aka yi a Jibiya cikin Yulin 2018, da dare, aka rasa sama da mutum 40. Tushen dai ɗaya ne: zafin da ke narkar da ƙanƙara har teku ya hau, shi ke sa iska ɗaukar ƙarin danshi, kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri, sai ta juye shi lokaci guda.

Sarkin Magina:
Injiniya ya yi gaskiya, amma a bar ɗora wa sama laifi duka. Kududdufan da kakanni suka haƙa ƙasar gini su ne ma'ajiyar ruwan birni. An cike su da shara an yanka filaye.

Ga lissafi. Rufi mai mita 10 sau 10, aka yi ruwan milimita 50, lita 5,000 ke nan, duro 25. Idan indararo gajere ne, duk a gindin katanga zai zuba. Katangar ƙasa kuma daga ƙasa take mutuwa: gindi ya jiƙa, gishiri ya cinye shi, ta zauna. A sa indararon da ya fita aƙalla rabin mita, a daɓe inda ruwan ke sauka, a yi wa gindin dakali ya gangara waje. Kada a shafe katangar ƙasa da siminti zalla, yana kulle danshi a ciki, wata rana ya ɓamɓare da rabin bango. Buhun yashi kuma kar a cika shi dam, kashi biyu cikin uku ya isa, a jera kamar bulo a tattake.

Hajiya Malamar Asibiti:
Baba Sarki, a ƙara da rijiya, don bayan ruwa kwalara ke biyowa. Salga ta yi nesa da rijiya kamar mita 30, bakin rijiyar a ɗaga shi a rufe. In ambaliya ta shiga, a kwashe ruwan, a sa kulorin, na sha kuma a tafasa. Yara kar su ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da ya kai idon sawu yana iya kayar da babba ma.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai. Sarki, dakalin nan tsawon nawa?

Sarkin Magina:
Bulo biyu sama da inda ruwan bara ya bar shaida a bango.