Amibar da ba ta raɓe a jikin kowa, me za mu kira ta?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shiri da likitan ido kan Acanthamoeba, wata irin amiba (ƙwayar halitta mai sauya siffa da ido ba ya gani), wadda ke cin baƙin idon masu sa gilashin nan na liƙawa in suna wanke shi da ruwan famfo. Ya ce ba irin mai kawo atini ba ce, a ƙasa da ruwa take rayuwarta. Suna nake nema, gajere.

Malamar Bayoloji: Amiba mai cin gashin kanta. Ta atinin kuwa, Entamoeba histolytica, ci-ma-zaune ce a hanji.

Ɗan Damagaram: Mu nan "amib" muke ji a likita, daga Faransanci. Kowa zai gane amiba.

Baba Mai Ƙamus: Kullum aro! Asalin kalmar a Girkanci canji take nufi. Ku ce RIKIƊAU. Na daɗe ina faɗa.

Malamar Bayoloji: Baba, ranka ya daɗe, sunan da daɗi, amma siffa kawai ya kama, kuma siffar ce ta yaudari masana. A 1977 wasu masana biyu, Pussard da Pons, sun kasa Acanthamoeba gida 3 bisa kamannin ƙwanson da take shiga in ruwa ya ƙafe. Sai aka ga iri ɗaya na iya sauya ƙwanso gwargwadon inda aka raine shi. Yanzu ƙwayar gado ake karantawa, ana ba su lamba T1, T2, haka dai. Yawancin masu ciwon idon T4 ce ke kama su.

Baba Mai Ƙamus: To ai kin ƙara min hujja, 'yata. Rikiɗa ke nan.

Malamar Bayoloji: Naegleria fowleri fa? Wadda ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa, aka fara bayyana cutarta a Ostireliya a 1965. Tana jan jiki da ƙafar ƙarya, wato ɓangaren jikinta da take miƙawa kamar ƙafa, kamar sauran, har tsirar da bulala take ta yi iyo, amma a jini ba danginsu ba ce ko kusa. Kama da wane ba ta wane.

Ɗan Damagaram: Da Baba zai ce rikiɗau a Zinder, maye za a zata.

Baba Mai Ƙamus: Ku da kuke cewa "lakwal" za ku koya mana Hausa?

Ɗan Damagaram: Ku kuma "firamare" daga Daura kuka gado ta?

Mai Shirin Lafiya: Don Allah malamai, dare na yi. Na rubuta: amiba mai cin gashin kanta, ƙafar ƙarya, ƙwanso. Rikiɗau zan faɗe shi sau ɗaya a matsayin kirari.

Baba Mai Ƙamus: Kirari. To. Amma ki ce daga bakin wani dattijo kika ji.

Malamar Bayoloji: Hajiya, kar dai ki ce "mai zaman kanta". Na taɓa faɗa a aji, wani yaro ya tambaye ni ko akwai ta gwamnati.