Zan je Birnin Meziko ƙarshen Oktoba: me zan ci, me zan kalla?

Ɗan Hanya:
Assalamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Birnin Meziko ƙarshen Oktoba, zan zauna har farkon Nuwamba. Ni mayen ƙwallo ne, in sha Allahu sai na taka filin Azteca, inda Pele ya ɗaga kofin duniya a 1970, Maradona kuma a 1986. Damuwata ita ce abinci. An ce na bakin titinsu ba a magana, amma wai alade ya yi yawa a ciki. Waɗanda suka taɓa zuwa, ku taimaka min.

Maman Tagwaye:
Wa alaikumussalam ƙanena. Gaskiya aka faɗa maka. Abin da zai fara jan idonka shi ne tacos al pastor: nama a jere jikin ƙarfe yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa, kamar shawarma. Asalinsa ma daga 'yan Labanan da suka yi ƙaura can ne, amma naman alade ne, ka wuce kawai. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne kitsen alade, suna ce masa manteca. Da shi ake kwaɓa yawancin tamales, wato kwaɓaɓɓen garin masara da ake turarawa a cikin ganye, da shi ake soya damammen wake, ko tsokar nama ba za ka gani ba. Ka riƙa tambaya kafin a zuba maka, puerco ko cerdo duk alade ne.

Ni esquites ne ya riƙe ni. Da yamma za ka ga mace da tukunya tana tururi, ta ɗebo dafaffiyar masara a kofi, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa cuku da garin barkono. Wallahi har yau ina tuna ƙamshin. Akwai kuma masu yanka mangwaro da gwanda su yayyafa barkono, sai agua de jamaica, wato zoɓo. Ruwan famfo kam kada ka sha, kuma ka riƙe canjin peso a aljihu, masu tallan titi ba sa son babbar takarda.

Tsohon Gola:
Hajiya ta gama maganar ciki. Ɗan'uwa, Azteca sai ka hau layi na 2 na jirgin ƙasa zuwa Tasqueña, ka canza zuwa ƙaramin jirgin ƙasa da suke kira Tren Ligero. Birnin yana kan tudu mita 2,240, don haka kada ka yi mamaki in hawa bene ya sa ka haki. Amma ni, daren Juma'a a Arena México ya fi burge ni. Kokawarsu ce, lucha libre, 'yan wasa da fuskoki a rufe suna dirowa daga kan igiya. Na ga wata tsohuwa riƙe da jikanta tana yi wa ɗan kokawar da ke fitowa a mugu ihu har muryarta ta dishe. A wurinsu a cire wa ɗan kokawa abin rufe fuska babban tozarci ne.

Ɗan Hanya:
Na gode Yaya, na gode Malam. To bikin nan na matattu fa? Gabana yana ɗan faɗuwa.

Maman Tagwaye:
Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba ne. Ba abin tsoro ba ne, tuna mamatansu suke yi bisa aƙidarsu: hoton mamaci, kyandir, furen cempasúchil mai ruwan ɗorawa, da abincin da yake so yana raye. Faretin bikin da ake yi a babban titin Reforma sabo ne, a 2016 aka fara, shi kowa yana kallo. Maƙabarta irin ta Mixquic, wani ƙauye a gefen birnin, kuwa iyalai ne zaune a kan kaburburan iyayensu. In ka je can, don Allah kada ka ɗaga waya a fuskar kowa sai ka nemi izini.