Ranar da ɗan Ailan ya fara zolayarka, yaya kuka kwashe?

Baƙon Dublin: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ailan. Ban daɗe da fara aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a gefen Dublin ba, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ran Litinin na shiga da sabuwar rigar sanyi ruwan ɗorawa. Shugaban sashenmu ya dube ni sama da ƙasa, fuska a murtuke, ya ce madalla, yau jiragen sama sun samu abin da zai nuna musu hanyar sauka. Kowa ya ƙyalƙyale, shi ko murmushi bai yi ba. Tun ranar sunana ya koma Fitila. Raini ne ko wasa? Waɗanda suka riga ni zuwa, ku ba ni naku labarin.

Maman Biyu, Galway: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, an karɓe ka ne. Muddin suna gaishe ka cikin ladabi suna tambayar ko kana buƙatar wani abu, to har yanzu baƙo ne kai. Irin wasan Bakano da Bazazzage ne, sai dai mu an san wa ke wasa da wa, su kuwa duk wanda suka saba da shi ya shiga. Abin da suke jira shi ne ka rama. Maƙwabciyata ta ga ina shanya ana yayyafi, ta leƙo ta kan shinge ta ce in bar kayan, zuwa watan Yuli za su bushe. Na ce mata ai ɗauraya ta biyu nake yi musu kyauta. Washegari ta shigo mini da burodin da ta gasa da hannunta.

Dattijon Cork: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ku jira ku ji yadda suke yi wa junansu. Kowace gunduma da tambarinta. Mutanen Cork, inda nake, ba sa kiran garinsu komai sai babban birni na haƙiƙa, wai Dublin riƙon ƙwarya take yi. 'Yan Cavan an liƙa musu rowa: ana cewa a cikin durowar tebur suke cin abinci, da sun ji sallama sai su tura ta. Wani abokin aikina ɗan Cavan ne ya ba ni wannan da bakinsa, yana ba ni yana ƙirga canjin shayinsa.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan Mayo. Rabonsu da kofin ƙwallon gargajiya na ƙasa, Sam Maguire, tun 1951. Labarin da ake yaɗawa shi ne, wai a hanyar komawa gida da kofin 'yan wasan suka wuce jana'iza a garin Foxford ba su tsaya ba, limamin coci ya yi musu baki. Daga 1989 zuwa 2021 sun kai wasan ƙarshe sau 11, duk suka dawo hannu rabbana. A 2016 ma har ƙwallo biyu suka zura a ragarsu a karawa da Dublin. Akwai direban bas ɗan Mayo da muke gaisawa. Na taɓa tambayarsa ko bana za a dace, ya ce ya riga ya bar wa jikansa wasiyyar inda zai kai kofin a maƙabarta.

Nas ɗin Limerick: Baba, jana'izar da ka ambata ta tuna mini. Wani tsoho a layinmu ya rasu, na je ta'aziyya da shirin zaman makoki irin wanda na sani. Na tarar da mamacin a falo cikin akwati a buɗe, an sa masa kwat, ana ta zagayawa da shayi da burodi mai haɗi. Aka fara ba da labarinsa: yadda ya shekara yana gyaran ƙofar lambu bai gama ba, yadda ba ya zuwa ko'ina a kan lokaci. Matarsa ta dubi akwatin ta ce yau ce rana ta farko da ya riga kowa shiryawa. Ɗakin ya ɗauki dariya, ita kuma tana dariyar hawaye na zuba. Ni dai na riƙe kofina na rasa inda zan sa fuskata. Har yanzu abin bai zauna mini ba, amma ban ga alamar rashin girmama mamaci a wurin ba.

Ɗan Agadas: Ni zan ɗan saɓa muku. Ba kowace magana ce wasa ba. A wani wurin da na yi aiki, akwai wanda kullum zolayarsa a kan launin fatata take, in na ɗaure fuska ya ce ban san raha ba. Yadda na bambance: mai wasan gaskiya yana fara taɓa kansa, kuma in ka rama ya fi kowa dariya. Wancan da na rama sau ɗaya, sai ya kumbura. Na kai ƙara, aka raba mu. Sannan akwai inda baƙo ba ya sa baki. Na ga wani Baturen Ingila ya yi barkwancin dankali a teburin cin abinci, wuri ya yi tsit. Yunwar da ta fara a 1845, da dankali ya lalace a zamanin mulkin Ingila, ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya a Ailan, ba su manta ba.

Maman Biyu, Galway: Haka ne Malam, wannan ka yi daidai da ka kai ƙara. Amma na Fitila riga aka taɓa, ba fata ba.

Baƙon Dublin: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bincika, ashe shugaban namu ɗan Mayo ne. Baba, a wace shekara ka ce suka ci kansu sau biyu?

Dattijon Cork: 2016, ɗana. Amma ka bari sai an biya albashi.