Gadar ƙafa ta tsohon filin besbol a Detroit

Baban Ummi, Wunti:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke Detroit a Amurka ya turo min hoton wata gadar ƙafa a saman babban titi, ya ce ta tsohon filin besbol ce, wasan ƙwallon nan da ake bugawa da sanda. Amma ni ban ga wani fili a hoton ba. Wa ya san labarinta?

Malam Sale, Yelwa:
Wa alaikumus salam. Filin Tiger Stadium ne, gidan ƙungiyar Detroit Tigers tun 1912, lokacin ana kiransa Navin Field. A da yana unguwar Corktown, a mahaɗar titin Michigan da Trumbull. Cikin shekarun 1960 aka tsaga babbar hanyar Fisher, wato I-75, ta bayan filin, aka rushe gidaje, unguwa ta rabu biyu. To masu ajiye mota a ɗaya ɓangaren fa? Dole a ɗora musu gada. Ranar wasa nan jama'a ke kwarara, uba riƙe da hannun ɗansa, motoci na ta gudu a ƙarƙashinsu. Tigers sun yi wasan ƙarshe a 1999, suka koma sabon filinsu, Comerica Park, a 2000, aka kammala rushe tsohon filin a 2009.

Hajiya Talatu:
Malam, ni rushe gidajen nan ne ya tsaya min a rai. Unguwa guda saboda mota!

Baban Ummi:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ranar da Wikki Tourists ke wasa a filin Abubakar Tafawa Balewa, hannun yarona ba ya barin nawa sai mun tsallaka titi. Wallahi mu ma muna buƙatar irinta.