Yaya zan sa ma'aikatana su daina tsoron kuskure?

Ina jagorantar rukunin masu zane da rubutun talla, kuma al'amarinsu ya ɗaure mini kai. Ƙwararru ne, amma kowa yana riƙe aikinsa yana ta gyara har wa'adi ya wuce, kuma idan na nemi sabon tunani a taro sai a sunkuyar da kai ana juya biro. Binciken Amy Edmondson, farfesa a Jami'ar Harvard, na 1999 ya nuna cewa ma'aikata sun fi koyo idan ba su fargabar a kunyata su, shi ya sa na ware zaman da ba a sukar kowa, amma shirun bai kau ba. Don Allah, wace hanya kuka bi har mutanenku suka yarda su nuna aikin da bai kammala ba?